Tarkon Da Ta Ɗana A Tsakar Gidanta

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Mai girma shugaban wannan taro, mai girma wakilin ma'aikatar lafiya, shugaban cibiyarmu ta bincike da mataimakansa, likitoci da malaman jinya, dattawan ƙauyuka da suka kamo hanya tun da jijjifi don su zauna tare da mu. Baba, maigidan marigayiya. Inna, mahaifiyarta, wadda aka ɗauko a kan kujera saboda ta rantse ba za a yi wannan zama babu ita ba. Auta, ƙaramar 'yar marigayiya, da yayyenta. Maƙwabta, abokan aiki, 'yan'uwa maza da mata, assalamu alaikum.

An ɗora mini nauyin yin magana a madadin waɗanda muka yi aiki a ƙarƙashinta. Ba don na fi kowa baki ba ne, sai don na fi kowa daɗewa ina bin bayanta a jeji. Da baƙin gemu na fara, ga shi yau kuna ganin yadda ya koma. Ina neman afuwarku tun yanzu, domin zan faɗi wasu abubuwa da ba a saba ji a zaman tunawa da mamaci ba, kuma ba duka ne za su yi wa kunne daɗi ba.

A ofis Malama muke ce mata. A ƙauyuka kuwa ba wanda ya san ta da wannan, Mai Ƙyashi suke kiranta, kuma a gabana sunan ya samo asali. Mun shiga wani gida da yamma, ta gaisa da maigidan, ta nemi izini, sai kawai ta durƙusa ta cusa kai cikin akurkin kajinsa da tocila a hannu. Dattijon ya tsaya yana kallon ikon Allah. Can ya ce, "Baiwar Allah, lafiya? Me kike nema a ɗakin kajina?"

Ta ce, "Ƙyashi nake nema, Baba."

Ya ce, "Ayya, kin yi ɓatan kai. Kajina ba ruwansu da kowa. Ki bari sai na sayi sabon babur, ki zo ki zauna a ƙofar gidan ƙanena, za ki cika buhu."

Ta yi dariya har ta buga ƙeya da rufin akurkin. Daga ranar sunan ya bi ta.

Ga waɗanda ba su san aikinmu ba, ƙyashin da take nema ba na zuci ba ne. Wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne, wasu na ce masa ƙudan rairayi. Bai kai rabin sauro ba, launinsa launin ƙasa, jikinsa duk gashi. Sauro yana da mutunci ɗaya, yana kuka a kunnenka kafin ya cije ka. Shi wannan ba ya sallama. Da rana yana laɓe a tsagar bango, a ramin ɓera, a surin gara, a turken dabbobi. Rana na faɗuwa sai ya fito, yana ɗan tsalle ƙasa-ƙasa, ya sami idon sawun mutum. Macen ce ke shan jini. Idan ta sha daga jikin mai ɗauke da ƙwayar cutar da ake kira lishmaniya, to duk wanda ta ciza bayan nan ta bar masa tsaraba.

Cutar fuska biyu gare ta. Ɗaya gyambo ne da ke fitowa a hannu ko ƙafa ko fuska, ya daɗe bai warke ba, in ya tafi ya bar tabo. Wannan mun san shi tun kakanni. Ɗayar kuwa ciki take shiga. Zazzaɓi ya ƙi sauka, mutum ya yi ta rama, jini ya ƙare, saifa ta kumbura har ciki ya yi tulu. Likitoci na ce mata kala-aza. Idan ba a yi magani ba, da wuya mai ita ya tashi. Wani irin ƙyashi na daban ne ke kawo ta, kuma lokacin da Malama ta fara aiki babu irinsa a yankinmu. Labarinsa kawai muke ji, can nesa, bayan dazuzzukan da sai an yini cur a mota kafin a kai.

Ta kasance mace mai haƙurin da ba a koyar da shi a aji. Tun daga bakin gari har zuwa ƙauye na ƙarshe kafin babban daji, ta zaɓi wurare a kan hanya guda, kamar zango-zango, kuma kowane lokacin zafi sai mun bi su ɗaya bayan ɗaya. Kafin almuru mu rataye tarko, wata 'yar fitila ce da fanka a ƙarƙashinta mai zuƙo ƙwari cikin jakar yadi. Mu kakkafa takardu da aka shafa wa mai a bakin ramuka da suri. Da sassafe mu koma mu kwashe. Sannan a zauna a gaban madubin bincike, mai mayar da ƙwayar gero kamar tulu, a ware ƙyashi daga tarkacen ƙwari, a feɗe kowane ɗaya da bakin allura, domin ba a gane irinsa sai an duba cikin kansa da ƙarshen cikinsa. Wuya ya ƙage, ido ya yi ja. Shekara da shekaru haka.

Ta kasance mai faɗa, wannan ba zan rufa mata ba, kuma na ga wasu daga cikinku suna murmushi. Akwai ranar da na ce mata mu tsallake zangon da ke kusa da gari, tunda bai taɓa kama komai ba sai asu da sauro, ga rana ta yi, ga yunwa. Ta juyo ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Kai, wa ya gaya maka tarkon da ya dawo wayam bai yi magana ba? Ya ce mana yau lafiya. Wannan labarin nake tashi da asuba don in ji. Sauka ka rataye."

Na sauka na rataye.

Ta kasance ba ta raina bakin kowa, amma kuma ba ta jin kunyar musa wa kowa. Na ga ta zauna a ƙasa tare da wata uwa da 'yarta ke da gyambo a kumatu, uwar ta dage jifa aka yi wa yarinyar. Malama ba ta yi mata dariya ba, ba ta kuma ce mata haka ne ba. Ta kama ta zuwa mota, ta ɗora idonta a kan madubi, ta ce, "Yaya, ga wanda ya yi jifan, duba ƙafafunsa." Matar ta ja da baya tana salati. Washegari da kanta ta kai yarinyar asibiti, ta kuma dawo ta yaɓe duk tsagar da ke bangon ɗakinta.

Kuma a bayan duk wannan akwai Baba. Mutane da yawa ba su san cewa rabin tarkunanmu da tuni sun zama shara ba don shi ba. Makanike ne, ya yi ritaya, amma teburin cin abincinsu bai taɓa rabuwa da fankar tarko a kwance ba, da waya, da batir. Yakan ce mana, "Ni na auri mace, sai na tarar da ƙwari suka riga ni." Ita kuma ta ce, "Ai su ba sa gunaguni."

Wata shekara, da zafi ya tsananta, muna aiki kan abin da muka kwaso daga ƙauye na ƙarshe. Ɗakin binciken ya yi tsit in ban da ƙarar firji. Sai na ji ta daina motsi. Malama in tana aiki takan ɗan yi ƙunƙuni ita kaɗai, ranar sai na ji shiru. Ta ɗago ta ce, "Zo ka duba mini nan. Gaya mini ko idona ne ya tsufa."

Na duba. Idonta bai tsufa ba. Irin nan ne da muke jin labarinsa a bayan daji.

Ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta ce, "Guda ɗaya ne. Bari mu ga baɗi."

Baɗi ta zo, ba guda ɗaya ba ne, kuma ba a ƙauye ɗaya ba. Ya bayyana a zangon da ke biye. Bayan wasu shekaru ya matso na gaba. Wata shekarar ya tsaya cik, mu ce alhamdu lillahi, shekarar da ta biyo ya tsallake zango biyu. Ƙwaron da ba ya iya dogon tashi, ga shi yana cin hanya kamar mai bin sawu. Na taɓa tambayarta ta yaya. Ta ce, "Ba shi ke zuwa wurinmu ba kaɗai, mu ma muna zuwa wurinsa. An sare daji, an gina ɗaki a gindin suri, an kora dabbobi daga can zuwa nan, zafi kuma kullum ƙara tsawo yake. Mun share masa hanya, mun shimfiɗa masa tabarma."

Ba ta yi shiru ba, kuma gaskiya ne an saurare ta. A kan maganarta aka kai kayan gwaji ƙananan asibitocin ƙauyukan nesa, aka horar da malaman jinya su riƙa taɓa cikin duk mai dogon zazzaɓi. Lokacin da cutar ta fara kwantar da mutane a can, ta tarar ana jiranta. Dattawan da ke zaune a sahun gaba sun san yara nawa ne a garuruwansu suke yawo yau saboda haka. Ba sai na ƙirga musu ba.

Sai ƙaddara ta gifta. Tana hawa gaɓar wani busasshen rafi da tarko a hannu, ƙasa ta zabtare da ita, ƙashin ƙugunta ya karye. Aka yi aiki, ta tashi, amma da sanda, kuma likitoci suka ce ita da jeji sai dai labari. A daidai wannan lokacin motarmu ta kwanta, hannaye suka yi kaɗan, aka yanke shawarar a mayar da ƙarfi can inda marasa lafiya suke. Zangunan da ke kusa da gari, waɗanda kullum suke dawowa wayam, aka ajiye su. Shawara ce da ta yi kama da hankali a lokacin. Ita kaɗai ta ƙi ta, daga kan gado, ta waya. Ta ce, "Kun rufe ido ta ɓangaren da ake tahowa." Kusan shekara biyu ba wanda ya rataye ko tarko ɗaya tsakanin gari da tsakiyar hanya.

Ta koma gida. Da yawanku kun san gidan, a sabuwar unguwar nan ta gefen gari, wanda ita da Baba suka daɗe suna ginawa bulo-bulo don su huta a ciki. Tsakar gida mai faɗi, da bishiyar lemo, da 'yan kaji. A bayan katangarsu akwai wani kango da mai shi ya kai ginin linta ya bari, gara ta tayar da suri a tsakiyar abin da aka so ya zama falo, awakin unguwa suna kwana a ciki. Duk yamma in zafin ɗaki ya ishe ta, Baba ya fitar mata da kujera ƙarƙashin lemon, ta miƙe ƙafar da ke ciwo a kan ɗan benci, su yi ta hira har a kira sallah.

Zazzaɓin ya fara kamar kowane zazzaɓi. Aka ba ta maganin zazzaɓin sauro, ya lafa, ya dawo. Aka ce taifot ne, ta shanye wannan ma. Ta daina cin abinci. Zoben da ke hannunta tun na san ta ya fara zamewa da kansa, har ta cire ta ba Auta ajiya. Dama tana da tsohon ciwon ƙoda da take lallaɓawa, sai kowa ya ɗora laifin a kansa. Kada wani ya yi mamakin yadda mace irinta ba ta gane da wuri ba. Ita ce ta fi kowa sanin iyakar da ƙwaron ya tsaya a ganinmu na ƙarshe, kuma ta san ƙafarta ba ta taka wajen ba tun kafin ta karye.

Auta ce ta fara ji. Tana shafa mata mai bayan wanka, hannunta ya ci karo da wani abu mai tauri a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu. Ta ce, "Umma, mene ne wannan?" Malama ta ɗora nata hannun, ta danna, ta ja numfashi, ta sake dannawa. Auta ta ce mini ta ga fuskar mahaifiyarta ta canza irin canjin da ba ta taɓa gani ba. Sai ta ce, "Kira babanki ya fito da mota. Ki ce wa likita gwajin kala-aza nake so."

Likitan, wanda yake tare da mu a nan, kuma ya yi mata duk abin da ɗan'adam zai iya, ya ce, "Malama, yaushe rabonki da jeji?"

Ta ce, "Tambayar da ke ba ni tsoro ke nan, likita."

Gwaji ya tabbatar. Likita ya yi mana bayani cewa ƙwayar cutar takan kwanta a jikin mutum ta daɗe shiru, sai jiki ya yi rauni ta tashi, don haka mai yiwuwa tsohon cizo ne daga shekarun jeji. Wallahi dukkanmu mun rungumi wannan magana hannu biyu, domin ita ce mai sauƙin ɗauka. Malama ta saurara har ya gama. Ta ce, "Mai yiwuwa ne. Amma ni ban taɓa kwana a kan mai yiwuwa ba." Ta juya wajen Baba ta ce, "Malam, tarkunan nan biyu da ka gyara suna cikin sito, a saman buhunan siminti. Ka rataye ɗaya a lemo, daidai inda nake zama, ɗaya a kangon baya. Kafin rana ta faɗi. Ka sa safa da dogon wando."

Baba ya ce, "Yanzu ke da kike kwance, ƙwari ne a ranki?"

Ta ce, "Jikokinka a tsakar gidan nan suke wasa."

Ya tashi ya nufi gida.

Washegari da hantsi sai ga Baba a ƙofar ɗakin bincike, da jakunkunan yadi biyu ya riƙo su nesa da jikinsa. Ya zauna a benci a waje ya ƙi tafiya. Ni na zazzage su. Jama'a, na feɗe su, na ɗora a madubi na duba. Abin da muka bari can tsakiyar hanya, muna ce masa na ƙauye, ga shi a tarkon da aka rataye a kan kujerar Malama. Na kangon kuwa ba a magana.

Na je asibiti. Ban buɗe baki ba, ta dubi fuskata ta ce, "Su ne?"

Na ce, "Su ne, Malama."

"Akwai mata?"

"Akwai. Wasu da jini a cikinsu."

Ta rufe ido. Na zaci kuka za ta yi, ko ta ce ai na gaya muku. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta buɗe ido ta ce, "To ba ni kaɗai suka ciza ba. Me kake yi a nan? Ku shiga unguwar gida-gida. Duk mai zazzaɓin da ya ƙi ji, ku taɓa cikinsa."

Muka shiga. Gida na uku daga na su Malama, gidan mai walda, muka tarar da 'yarsa kwance a tabarma, ƙafafu kamar sillan kara, ciki ya yi gaba. Wata da watanni ana ta ɗura mata maganin shawara. Ranar aka kwantar da ita. Ga ta can kusa da mahaifiyarta, ta sa jan ɗankwali, ta koma makaranta. Muka sami wani magini, shi ma ya tashi. Muka sami mai sayar da ruwa a kura, wanda ke kwana a ɗaya daga cikin kangayen unguwar. Shi mun makara. Ya rasu kafin Malama, kuma da muka so mu ɓoye mata, ta gane daga yadda muke kauce wa sunansa. Ta juya fuska bango.

Ita kuwa, allurar da aka saba yi wa masu wannan cuta ƙodarta ba za ta ɗauka ba. Sai da aka nemo wani maganin daga nesa, wanda ake ɗaukowa cikin sanyi. Ya iso, aka fara, zazzaɓin har ya sauka, muka fara murna. Amma jikin ya riga ya gaji. Ƙodar ta tsaya. Ta cika da rana tsaka, Baba na riƙe da hannunta, Inna na tofa mata addu'a.

Kwanaki kaɗan kafin nan ta kira ni ta ce, "Na san halinku. In na tafi za ku tara mutane, ku yi ta cewa ta kasance kaza, ta kasance kaza, a sha ruwa a watse. Ban hana ba. Amma in har kun tara su, ku gaya musu abin da ke cikin tarkon." Shi ya sa kuka ji ni haka yau.

Baba, ina so in yi magana da kai a gaban jama'a, domin abin da ka faɗa mini a keɓe ya hana ni sukuni. Ka ce kai ka zaɓi filin, kai kake fitar mata da kujera duk yamma da hannunka. Baba, ka fitar da kujera ne don matarka ta sha iska. Babu laifi a cikin wannan, ko a wurin Allah ko a wurin mutane. Kuma da wannan hannun ka rataye tarkon da ya sa aka gano 'yar mai walda tana da sauran numfashi. Ka riƙe wannan.

Inna, ba mu da abin da za mu ce wa uwar da ta binne 'yar da take sa ran ita za ta binne ta. Ke kika gaya mini tun tana ƙarama takan kwanta rub da ciki tana kallon tururuwa har abinci ya huce, kina yi mata faɗa. Faɗan bai ji ba, Inna, kuma mutane da yawa suna raye saboda bai ji ba. Allah ya ba ki haƙurin da ya fi namu.

Auta, ƙanwata, ke da yayyenki, an gwada ku da yaranku, kuma Allah ya sa ba a sami komai ba. Amma kun ji abin da likita ya ce, cutar tana iya kwanciya shiru. Duk wanda ya yi zazzaɓi a gidan nan, ko na yini ɗaya ne, ku kira ni kafin ku kira mai kemis. Ba alfarma nake yi muku ba, haƙƙinku ne a wuyanmu.

Ku kuma shugabanni, mun gode da motar da aka gyara, da feshin da aka yi wa unguwar, da kangon da aka rushe. Amma zan faɗi gaskiya a gabanku da girmamawa. Unguwa ɗaya aka fesa, gari kuwa kangaye da suri da tsagaggun katangu sun kewaye shi ta ko'ina. Muna roƙon a mayar da kowane zango da aka ajiye, a ƙara wasu a cikin gari, kuma kada a sake janye tarko daga wuri don kawai yana dawowa wayam. Muna roƙon kayan gwaji su isa kowane ƙaramin asibiti na cikin gari, maganin kuma ya zauna a kusa, kada a sake jiran sa daga nesa mutum na kwance.

Jama'a, ku ma da naku. Zazzaɓin da ya wuce mako biyu yana cin magani bai sauka ba, ku nemi a taɓa ciki, a yi gwaji. Ku yaɓe tsagar bango. Ku nisanta turke da akurki daga inda kuke kwana. Gidan sauro in ba mai magani ba ne, wannan ƙwaro ta cikin hudarsa yake wucewa. In rana ta faɗi ku rufe ƙafafun yara.

Saura abu ɗaya. Na yi ta kai-kawo a raina ko in faɗa ko in bari sai an tabbatar, na shawarci Baba, ya ce, "Da ita ce, da ta faɗa." Wasunku sun tambaye ni a ƙofa me ya sa ba su ga ma'aikatan ɗakin bincikenmu a wannan zama ba, alhali su suka fi kowa kusa da ita. Ba raini ba ne. A makon nan muka fara rataye tarko a cikin tsohon gari, nesa da unguwarsu Malama, a wuraren da ko a mafarki ba mu taɓa kai tarko ba: bayan tashar mota, da gindin katangar makarantar firamare ta tsakiyar gari. Na tasha ya dawo wayam. Na makarantar da aka kwaso yau da safe bai dawo wayam ba. Ƙyashi ne, wannan babu shakka. Ko wane iri ne, shi suke zaune suna feɗewa yanzu da nake muku magana. Ban san amsar ba tukuna. Abin da na sani shi ne zafi yanzu ya fara, kuma damina da sauran nisa.

Muna godiya ga shugaban taro da manyan baƙi da suka bar ayyukansu suka zo. Muna godiya ga likitoci da malaman jinya da suka yi ɗawainiya da ita, da maƙwabta da suka buɗe mana ƙofofinsu ba tare da gardama ba, da dattawan da suka sha hanya, waɗanda nake roƙo a sallame su da wuri su isa gida da sauran rana. Muna godiya ga iyalinta da suka ba mu aron ta tsawon shekarun nan, ba su taɓa cewa mun cika cinye musu ita ba.

Ya Allah, ka jiƙan baiwarka, ka yafe mata kurakuranta, ka haskaka kabarinta, ka sa wahalar da ta sha ta zama kaffara. Ka jiƙan mai ruwan da ya riga ta, wanda bai sami taro irin wannan ba. Ka ba waɗanda ke kwance lafiya. Ka ba Baba da Inna da 'ya'yanta juriya. Ya Allah, abin da ke tafe gare mu kai ka san shi, mu ba mu sani ba. In mai sauƙi ne, mun gode maka. In kuwa ɗayan ne, ka tsare mana yaran makarantar nan, ka nuna mana shi tun da sauran lokaci.

Amin. Wassalamu alaikum.